Ƙarshen mako a Zariya da uwargida: makin otal ɗina zai yi aiki a can?

Baban Ihsan ya rubuta:

Assalamu alaikum. Zage-zagin da ke wannan zaure, yau gare ku na zo.

Uwargidana a Kongo, reshen Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, ta karanta aikin lauya, kuma tun da ta karɓi takardarta ba ta sake taka Zariya ba. Aure, haihuwa, aiki, sai ga shi shekaru sun ja. Duk ranar da aka tayar da hirar makaranta sai ta ce tana marmarin ta sake ganin garin. To yanzu na ƙudura, in Allah Ya yarda, mu bar yara wurin kakarsu, mu taso daga Abuja ranar Juma'a, mu koma Lahadi. Ni mutumin Gombe ne, sanina da Zariya bai wuce in tsaya Kwangila in sayi ruwa a hanyata ta Kano ba.

Ga tambayata. Ofishinmu na yawan tura ni Legas, kuma a Sheraton na Ikeja ko Four Points ake sauke mu. Wani abokin aiki ya sa na yi rajistar Marriott Bonvoy, tsarin tara maki na kamfanin otal-otal ɗin nan, maki na ta taruwa a waya ban taɓa amfani da su ba. Akwai otal a Zariya da zan biya da makin nan? In babu, wace unguwa ta fi dacewa mu sauka? Sannan ina da ina za mu je, ina kuma za mu ci abinci, wurin da mutum zai zauna da iyalinsa cikin mutunci? Ba na so in kai ta mu ƙare a ɗaki muna kallon talabijin.

Ɗan Kwarbai ya amsa:

Wa alaikumus salam, Baban Ihsan. Allah Ya bar ku tare, Ya sa albarka a tafiyar. Ni haifaffen cikin birni ne, kuma na daɗe ina zaune a kantar karɓar baƙi ta wani otal a GRA kafin in koma kasuwanci. Bari in fara da makin don hankalinka ya tsaya wuri ɗaya.

Makinka ba zai biya maka ɗaki a Zariya ba. Ba mu da Sheraton, ba mu da Protea, ba mu da Hilton. Otal-otal ɗinmu na gida ne, kowa da mai shi, kowa da tsarinsa. Ka bar makin nan inda yake, ranarsa na zuwa.

Amma kada ka ɗauka cewa tunda babu kati to babu lada. Akwai, sai dai ba a waya yake ba, a wurin mutane yake. Lokacin da nake kanta muna da wani babban littafi mai baƙin bango, da lambobin baƙin da suka saba sauka wurinmu. Idan ɗaya daga cikinsu ya bugo waya ya ce yana hanya, tun kafin ya wuce Jaji mun ware masa ɗakin da ke nesa da janareta, an kunna masa na'urar dumama ruwa, an canza zanin gado. Ranar tafiya, doka ta ce ƙarfe goma sha biyu a bar ɗaki, amma shi sai ya kai la'asar ba wanda ya ƙwanƙwasa masa ƙofa. In ya zo da iyali, karin kumallo na mutum biyu ake kai masa alhali na mutum ɗaya ke cikin kuɗin. Kamar dai gyaran da mai tumatir ke ƙara wa wanda ya saba saye a wurinsa. Ba a rubuce yake ba, amma duk wanda ya yi aikin otal a garin nan ya san da shi.

Kai da za ka zo karon farko, ga yadda za ka shiga wannan layin. Kada ka kama ɗaki ta shafukan intanet. Duba hotuna a can in kana so, sannan ka nemi lambar otal ɗin ka kira kai tsaye, ka ce a haɗa ka da manaja. Dalili shi ne shafukan nan suna yankar kamasho daga kuɗin ɗaki, to in ka zo da kanka manaja na da sararin da zai rage maka ba tare da ya yi asara ba. Ka gaya masa kwana biyu za ka yi, da iyali, kuma kana sa ran dawowa. Ka ce masa, “Nawa za ka bar mini?” Ba abin kunya ba ne, mu ma mun fi son baƙon da ya yi magana tun farko a kan wanda zai zo yana faɗa a kanta.

Kafin ka tura ko sisi, ka yi waɗannan tambayoyin, kuma ka saurari yadda ake amsa su. Ƙarfe nawa ake tayar da janareta, ƙarfe nawa ake kashewa? Akwai sola da za ta riƙe fanka da fitila in an ɗauke wuta? Ruwan na rijiyar burtsatse ne? Wannan ta ruwa kada ka tsallake ta, duk wanda ya zauna Zariya ya san abin da nake nufi, uwargida ma za ta ba ka labari. Kuɗin da aka faɗa maka ya haɗa da harajin VAT na kashi 7.5 cikin 100 da kuɗin hidima, ko sai ranar tafiya za a ɗora? In kun iso, ka ce a nuna muku ɗakin tukuna, ka murɗa famfo, ka kunna na'urar sanyaya ɗaki, sannan ka biya ka karɓi rasit. Unguwa kuwa, ni GRA zan ce, don ta fi shiru kuma tana tsakiya, ba nisa da PZ da Sabon Gari. In kuma uwargida ta fi son ta kwana kusa da tsohuwar makarantarta, sai ku nemi masauki a nan gefen.

Yanzu yawo. In za ka samu hutun Juma'ar gaba ɗaya, ka taso da sassafe don ka riski sallar Juma'a a cikin birni. Ka shigo ta Ƙofar Doka ka miƙe har Babban Dodo, ga fada nan. Ranar Juma'a ce fada ke cika: dogarai cikin ja da kore, kakaki da algaita na tashi, hakimai da masu sarauta da manyan rawuna sun zo gaisuwa. Sarkin yanzu, Mai Martaba Malam Ahmed Nuhu Bamalli, ya hau gado a watan Oktoba na 2020 bayan rasuwar Alhaji Shehu Idris wanda ya yi shekara 45 yana sarauta. Gidajen sarautarmu huɗu ne, Mallawa, Barebari, Katsinawa da Sulluɓawa, shi daga gidan Mallawa ya fito. Ka tsaya ka kalli zanen da ke jikin ƙofar fadar da kyau, kada ka ɗauki hoto kawai ka wuce. In kuna son shiga ciki, ka yi wa dogari sallama ka faɗi abin da ya kawo ku, zai nuna muku wanda za ku gani. Kada ka ɗaga waya a fuskar kowa sai ka nemi izini.

Masallacin Juma'ar da ke gefen fada shi ne abin da ya fi taɓa mini zuciya a garin nan. Babban Gwani Muhammadu Durugu ne ya gina shi a shekarun 1830, zamanin Sarki Abdulkarimu, da ƙasa da azara, da bakan gizo masu tsayi waɗanda masana gine-gine ke zuwa daga ƙasashen waje don su gani. Ina yaro nakan ɗaga kai in bi layin bakan nan da ido har inda suka haɗu a tsakiyar rufi, in rasa yadda aka yi hannun mutum ya ɗaura su ba ƙarfe ba siminti. A watan Agusta na 2023 wani sashe na rufin ya rufta ana cikin sallar la'asar, aka rasa rayuka, Allah Ya jiƙansu. Tun daga nan aka shiga batun sake gina shi, don haka ka tambayi mutanen wurin abin da za a iya gani da inda ake tsayuwar salla yanzu.

Asabar ka ba dutsen Kufena safiyarta. Ku fita bayan asuba kafin rana ta yi zafi, da takalmin da ba ya santsi da gorar ruwa, kuma ku samu ɗan gari ya raka ku, manajan otal zai haɗa ku da wanda ya sani. Ba sai kun kai ƙololuwa ba. Ko rabi kuka hau za ku ga Zariya a shimfiɗe, da rimayenta tsaye a tsakanin gidaje. Da kun sauko ga Wusasa nan a gindin dutsen, inda Janar Yakubu Gowon ya tashi. Akwai cocin St. Bartholomew da aka gina a 1929 da ƙasa, ginin Hausa sak, yana nan har yau. Ko kai Musulmi ne ya cancanci ka gani, ku yi sallama ku nemi izini, mutanen wurin sun saba da baƙi. A hanyar dawowa ka sa direba ya bi da ku ta Kwalejin Barewa, wadda ta dawo Zariya a 1949, da ginin kamfanin ɗab'i na Gaskiya. A garin nan aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939. Ganuwa kuwa ragowarta ce ta saura, za ku riƙa hango ta jefi-jefi in kuka zaga ta Ƙofar Kuyambana da Ƙofar Gayan.

Abinci. Gidajen abinci masu kujeru da sanyi, inda za ka zauna da iyali ba hayaniya, suna GRA da PZ da kan titin Samaru, a nan za ku samu shinkafa da kaza da tuwo da miya iri-iri. In kuna marmarin sakwara da agushi ko farfesun kifi, Sabon Gari. Amma don Allah kada ku bar garin nan ba ku sha fate ba. Faten tsaki da yakuwa da gyaɗa, mai zafi, an yanka albasa a kai. Ba kasafai za ka gan shi a takardar abincin otal ba, abincin gida ne. Dabarar ita ce tun ranar Juma'a ka yi wa mai dafa abincin otal magana, ka ba da kuɗin cefane, a yi muku shi ranar Asabar da rana. Da safe ka aika a sayo waina da miyar taushe tun tana fitowa daga tanda. Da dare kuma ka fita da kanka wajen masu tsire da balangu, ka zaɓi tsokar da kake so a gasa a gabanka, a barbaɗa ƙuli da yaji, a naɗe maka a takarda ka kai mata yana turiri.

In za ku tafi, ka sallami mai gadi da mai gyaran ɗaki da ɗan abin da ya sawwaƙa, ka ajiye lambar manaja. Zuwanka na biyu za ka ga bambanci.

Maman Sultan ta amsa:

Malam Ɗan Kwarbai, Allah Ya saka da alheri, ka yi bayani. Amma ina da ja a wuri ɗaya. Wannan jerin naka na wanda ya zo ganin Zariya ne, ita kuwa baiwar Allah ba baƙuwa ba ce, komawa za ta yi. Ni a Samaru, babbar harabar jami'ar, na yi karatu, kuma ranar da maigidana ya mayar da ni, abin da na fi so shi ne a ƙyale ni in taka da ƙafata daga ɗakin kwananmu na da zuwa ajinmu, in tsaya gaban ɗakin karatu na Kashim Ibrahim, in ga ko mai kantin da nake sayen burodi yana nan. Yana nan kuwa, gashinsa ya yi fari, kuma ya gane ni. Na fi minti ashirin a tsaye muna gaisawa yana tambayar ƙawayena ɗaya bayan ɗaya.

Don haka Baban Ihsan, yammacin Asabar ɗin nan kada ka sa komai a cikinsa. Ka kai ta Kongo ka bi ta a baya, ita za ta ja gaba. In lokaci ya rage ku ƙarasa Samaru, jami'ar tun 1962 take, akwai gumakan da ɗaliban sashen zane suka sassaƙa a fili, akwai kuma dam inda iska ke kaɗawa da yamma. Sannan kada ka ce za ka yi mata ba-zata. Ka gaya mata tun da wuri, don tana da mutanen da za ta so ta kira, wataƙila wata malama ko ƙawa da ta yi aure a garin, kuma ba za ta so ta je musu hannu rabbana ba.

Kan otal, ƙari ɗaya a kan tambayoyin Malam: ka tambaya ko suna da ɗakin taro, kuma ko an kama shi ranar Asabar. In akwai dina ko kamu, to kiɗa zai kai ku tsakar dare, ga motoci sun cika harabar. Mu mun taɓa faɗawa ciki a wani otal, ba mu runtsa ba sai da aka watse. Ka kuma bar ta ita ta duba banɗaki kafin ka biya, idon mace ya fi ganin abin da ke wurin.

Ni ina amfani da Booking.com in za mu wani gari, suna da tsarin da suke kira Genius mai rage kashi 10 cikin 100 a otal ɗin da suka shiga tsarin. Amma a Zariya na yarda da Malam, kiran waya ya fi.

Tsaraba kuma, ku shiga cikin birni wajen masu ɗinkin hannu. Zariya ta yi suna a aikin babbar riga da hula, kuma mata da yawa a cikin gidaje su ke wannan ɗinkin. Ko ba ka sayi riga ba, ka sa a buɗe maka mai aska takwas ka ga aikin allura.

Abu Hanif ya amsa:

Ni kan makin zan tsaya, don na ga an ce “ka bar shi inda yake”, kuma akwai haɗari a nan in ba a yi bayani ba. Makin Marriott Bonvoy yana mutuwa in asusunka ya yi wata 24 babu wani motsi, ba ka samu sabo ba, ba ka kashe ba. Tunda ana tura ka Legas a kai a kai ba ka da matsala, amma ranar da aka canza maka wurin aiki ka tuna da wannan.

Abu na biyu, ka buɗe manhajar ka duba ko duk kwanakin da ka yi sun shiga. Sau da yawa in ofis ya kama ɗaki ta hannun dillalin tafiye-tafiye ko wani shafin intanet, ba a ba da maki. Ka riƙa ba da lambarka ta mamba a kanta lokacin shiga, ka karɓi takardar biya lokacin fita, in ba su shiga ba akwai inda ake neman a saka. A yawancin otal ɗinsu maki 10 ake ba ka kan kowace dala ɗaya ta kuɗin ɗaki, ban da haraji. Abincin da ka ci a cikin otal ɗin ma yana kawo maki in ka ce a rubuta shi a kan ɗakinka maimakon ka biya a teburi.

Kwanakin kuma su ke ɗaga matsayinka: kwana 10 a shekara Silver, 25 Gold, 50 Platinum. Daga Gold ake iya bari ka kai ƙarfe biyu na rana kafin ka bar ɗaki, in akwai sarari. Kuma in ka biya kwana biyar a jere da maki zalla, makin kwana huɗu kawai ake cira. Shi ya sa ni ban ga amfanin ƙona maki a kwana ɗaya ko biyu ba. Ka tara, ranar da za ku Umara ko wani dogon hutu da iyali sai ka duba, suna da otal-otal a Makka da Madina. Yawan makin da ake nema na hawa da sauka gwargwadon lokaci, don haka ka riƙa gwada ranaku daban-daban. Transcorp Hilton da ke nan Abuja kuwa wani gida ne daban, nasu Hilton Honors ne, makin wannan ba ya shiga wancan.

Baban Ihsan ya sake rubutawa:

Kai, madalla. Allah Ya saka muku da alheri gaba ɗaya. Hajiya Maman Sultan, na karɓi gyara, daren nan zan gaya mata. Malam Abu Hanif, na duba, akwai tafiyar da ba ta shiga ba, gobe zan nemi takardar a ofis. Malam Ɗan Kwarbai, saura biyu: mota ko jirgin ƙasa? Kuma akwai lokacin da ya kamata mu kauce wa?

Ɗan Kwarbai ya amsa:

Hajiya ta fi ni gaskiya kan yammacin Asabar, a bar wa mai ɗakin.

In ka zo da motarka za ka ji daɗin zirga-zirga, don tsakanin birni da Samaru da Wusasa akwai 'yar tafiya. Sharaɗi ɗaya, tafiyar rana, zuwa da komawa. Ranar Lahadi ku kama hanya kafin azahar. In jirgi ne, ka sayi tikiti ta intanet da wuri, ku hau a Idu ko Kubwa ku sauka Rigasa, daga nan ku nufi tashar Kawo, ko ka sa manajan otal ya turo muku direban da ya yarda da shi. Daga Kaduna zuwa nan kamar kilomita 80 ne. Direban nan sai ka yi ciniki da shi na kwana biyun gaba ɗaya, ya fi ku riƙa tsaron Keke a bakin titi. Duk inda za ku je bayan gari, ko Kufena ɗin ma, ka fara tambayar mutanen otal halin da ake ciki a satin.

Lokaci kuwa, ka kauce wa satin bikin yaye ɗalibai na jami'a da lokacin jarrabawar shiga, ɗaki kan yi wuya kuma ba mai rage maka ko kwabo. Haka ma Sallah, sai dai in hawan kuke son gani, Hawan Bariki da Hawan Daushe, to wannan sai ka kama ɗaki tun da saura makonni. Ni da zan zaɓa muku, farkon hunturu: hanya ta bushe, hawan dutse ba wahala, ga rake ya shigo daga wajen Maƙarfi. Ku taho da rigar sanyi, asubar Zariya a lokacin ba ta da wasa. In kun tsayar da rana ka yi mini magana ta akwatin sirri, akwai ƙanena da ya san hanyar Kufena, zan sa ya jira ku a Wusasa.